Wai da gaske ne gishiri, toka da batirin waya 'yan gida ɗaya ne?

Baban_Hafsa
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga malaman kimiyya da ke cikinmu. 'Yata tana aji biyu na babbar sakandare, kuma tun farkon zangon nan take haddar jadawalin sinadarai. Ta manna shi a bangon ɗaki, kullum bayan magariba sai ka ji tana jero su kamar karatun allo: haidurojin, hiliyam, litiyam, har zuwa na ashirin. Jiya muna cin tuwo ta ce mini wai abin da ke cikin gishiri, da na cikin tokar murhu, da na cikin batirin wayata, duk dangi ɗaya ne. Na ce dangi ta ina? Ta ce a sahu ɗaya suke daga sama zuwa ƙasa. Na ce to me ya sa aka jera su tare? Ta ce haka malam ya ce. Ni tela ne a Tudun Wada, karatun bokona bai yi nisa ba, amma a ganina wannan zancen dangi dabara ce kawai ta sauƙaƙa hadda saboda jarrabawa. In akwai abin da ya wuce haka, a nuna mini, don ba na son yarinyar nan ta haddace abin da ba ta gane ba.

Abu_Gyallesu
Wa alaikumus salam. Baban Hafsa, gaskiya ka faɗa. Mu ma haka muka yi, muka haddace ashirin na farko, muka rubuta WAEC, aka wuce wurin. Yau ko biyar ba zan kawo maka a jere ba.

Malam_Kimiyya
Baban Hafsa, Allah ya yi wa yarinya albarka. Abin da ta faɗa daidai ne, dalilin ne ba a ba ta ba. Shekarata 14 ina koyar da wannan darasi, bari in gwada.

Kowane sinadari yana da lamba, wato yawan wasu 'yan ƙwayoyi da ake kira furoton da ke tsakiyar atam ɗinsa (atam shi ne ƙwayar zarrar sinadarin), kuma adadin wasu ƙananan ƙwayoyin da ake kira ilektiron da ke kewaye da tsakiyar daidai yake da wannan lamba. Su ilektiron ɗin ba a cakuɗe suke ba, zagaye-zagaye suke zama, na ciki ya cika kafin a fara na waje. Litiyam na batiri lambarsa 3: biyu a ciki, ɗaya a waje. Sodiyam na gishiri 11: 2, 8, sai 1. Potasiyam na toka 19: 2, 8, 8, sai 1. Ka ga kowannensu da ilektiron guda ɗaya tilo yake ƙarewa. To wannan na wajen shi ne yake cuɗanya da sauran sinadarai, na ciki suna kulle. Shi ya sa halinsu ya zo ɗaya.

Kuma halin ana ganinsa da ido. Dukansu ƙarafa ne masu laushi, wuƙa tana yanka su kamar sabulu. Dukansu ukun suna yawo a kan ruwa, ba sa nutsewa. Ba a barin su a iska, a cikin mai ake ajiye su. In ka jefa ɗan guntun litiyam a ruwa zai yi ta kumfa a hankali. Sodiyam zai narke ya dunƙule ya yi ta gudu a kan ruwan yana huci. Potasiyam kuwa nan take yake kamawa da wuta mai launin shunayya. Abu ɗaya duk suke yi, suna sakin ilektiron ɗin nan suna fitar da iskar haidurojin, sai dai zafin kan yana ƙaruwa in ana gangarawa ƙasa, domin ilektiron ɗin yana ƙara nisa da tsakiya, riƙonsa yana sassautawa. Har narkewarsu a jere take: litiyam a wajen digiri 180, sodiyam 98, potasiyam 63, siziyam da ke can ƙasa kuwa bai kai 29 ba, wato a zafin Zariya na watan Afrilu narkakke zai zauna.

Hajiya_MaiSabulu
Malam, ni ban yi kimiyya ba amma maganarka ta taɓa sana'ata. Sabulu nake yi ina kaiwa kasuwar Sabon Gari. Da soda muke yi yanzu, irin farar nan mai cin hannu. Amma kakata, Allah ya jiƙanta, da toka take yin sabulun salo. Za ta ƙona kara, ta zuba tokar a tukunya mai huda a gindi, ta tsiyaye ruwan, ta dafa shi da man kaɗe. Abin da na daɗe ina lura shi ne nata kullum da laushi yake, yana jan damshi, nawa kuwa yana daskarewa ya yi tauri har in yanka shi sanda-sanda. Amma duka biyun suna kumfa suna wanki. Shin wannan yana da alaƙa da abin da kake faɗa?

Malam_Kimiyya
Hajiya, ai kin kawo misalin da ya fi nawa. Sodar da kike amfani da ita sodiyam ce a cikinta. Ruwan tokar kakarki kuwa potasiyam ne ya fi yawa a abin da ya narke a ciki. Saboda 'yan gida ɗaya ne, kowanne yana iya juya mai ya zama sabulu. Saboda kuma ba mutum ɗaya ba ne, sabulun sodiyam yana yin tauri, na potasiyam yana yin laushi. Har a masana'antu haka ake yi, in ana son sabulu na ruwa ko mai laushi potasiyam ake nema. Baban Hafsa, ka karanta wa yarinya abin da Hajiya ta rubuta.

DanKufena
To ashe kanwa ma potasiyam ce ke nan. Ai da Turanci fotash ake ce mata, har a littattafan girki haka ake rubutawa.

Ɗalibar_Samaru
Yaya DanKufena, a nan kam sunan ne ya yaudari mutane. Ina shekara ta uku a sashen kimiyyar sinadarai, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka fara ba ni mamaki. Kanwar da ake kawowa daga yankin Tafkin Cadi da ƙasar Nijar yawancinta sodiyam kabonet ce da sodiyam baikabonet, haɗe da gishiri da ƙasa. Potasiyam ɗin cikinta kaɗan ne. Asalin fotash shi ne abin da ya saura in aka dafa ruwan toka a tukunya har ya ƙafe, kuma daga nan sunan potasiyam ya fito.

Ga wani abin sha'awa. Alamar sodiyam a jadawali Na ce, ba So ba. Ta fito ne daga natiriyam, shi kuma daga natron, irin kanwar da mutanen Masar na da suke haƙa a busassun tafkuna suna adana gawa da ita. Wato a alamar sodiyam, sunan kanwa ne a ɓoye. Ita kuwa K ta potasiyam daga kaliyam take, wanda asalinsa kalmar Larabci ce ta tokar tsirrai, al-ƙali. Daga wannan kalmar ce aka samu sunan gidan gaba ɗaya, ƙarafan alkali. A 1807 ne wani Bature ɗan Ingila, Humphry Davy, ya fara ware potasiyam da sodiyam a matsayin ƙarafa, ta hanyar tura musu wutar lantarki, kwanaki kaɗan tsakanin na farko da na biyu.

DanKufena
Ƙanwata, na ji bayaninki, amma idan kanwa da toka ba abu ɗaya ba ne, me ya sa in babu kanwa mata suke sa ruwan toka a miyar kuka ko a wake, kuma aikin ya yi?

Ɗalibar_Samaru
Ai Yaya tambayarka ita ce amsar tambayar Baban Hafsa. Ɗaya kabonet ɗin sodiyam ne, ɗaya kabonet ɗin potasiyam. Ɗan'uwa ne ya tsaya wa ɗan'uwansa.

Ummu_Sadik
Ni abin da zan ƙara daga kicin ne. Duk mai girki da gas ta san in miya ta tafaso ta zubo a kan wuta, harshen wutar yana tashi daga shuɗi ya koma ruwan ɗorawa. Mijina ne ya gaya mini gishirin miyar ne ke jawo haka. Na gwada da kaina, na barbaɗa ɗan gishiri a wutar, ta yi ɗorawa. Na daka 'yar kanwa na barbaɗa, ita ma launi ɗaya ta bayar. Don haka ni na yarda da ɗalibar nan.

Baban_Hafsa
Na gode ƙwarai, na fara ganin haske, musamman zancen sabulun Hajiya. Amma Malam, ga inda kaina ya ƙulle. Ka ce sodiyam yana huci a ruwa, har ba a barinsa a iska. To yaya aka yi muke zuba shi a miya kullum ba ya ƙona mana ciki?

Malam_Kimiyya
A nan ne wani gidan yake shigowa, rukuni na 17, wato sahu na 17 a jadawalin, waɗanda ake kira halojin, ma'ana masu haifar da gishiri. Su ne fulorin, kulorin, buromin da aidin. Kulorin lambarsa 17: 2, 8, 7. Saura guda ɗaya zagayensa na waje ya cika takwas. Wato shi nema yake, sodiyam kuwa yana da guda ɗaya da yake son rabuwa da shi. In suka haɗu, sodiyam ya miƙa, kulorin ya karɓa, kowa ya samu natsuwa. Abin da ya fito shi ne gishiri. Duk hucin da sodiyam yake yi a ruwa, ƙoƙarin sakin ilektiron ɗin ne. Wanda ke cikin gishiri ya riga ya saki, ba sauran abin huci.

Shi ma kulorin shi kaɗai guba ne, iska ce mai launin kore-kore da ɗorawa, an yi yaƙi da ita a Beljiyam a 1915 lokacin yaƙin duniya na ɗaya. Amma ɗan kaɗan ɗinsa ne ake sa wa ruwan famfo ya kashe ƙwayoyin cuta.

Ka lura da tsarin gidan: fulorin da kulorin iska ne, buromin ruwa ne ja mai duhu, aidin daskararre ne. Sannan zafin kansu akasin na gidan sodiyam yake. A can, na ƙasa ya fi zafi. A nan na sama ne, fulorin, wanda saboda tsananin faɗansa sai a 1886 aka iya ware shi a Faransa. Dalili kuwa, mai neman ilektiron ya fi ƙarfin fizga in zagayensa yana kusa da tsakiya.

Anti_Nas
Ina so in ja hankali, don kada a ji an ce dangi a ɗauka kowanne zai maye gurbin kowanne. A jikin mutum sodiyam da potasiyam aikinsu daban ne. Sodiyam ya fi yawa a ruwan da ke wajen ƙwayoyin halitta, potasiyam a cikinsu, kuma wannan bambancin ne yake sa jijiya ta aika saƙo, zuciya ta buga. Shi ya sa ƙunshin gishiri da sukari na masu gudawa yake ɗauke da su duka biyun. Mai hawan jini ana ce masa ya rage gishiri, kuma kanwa ma sodiyam ce, a kula da wannan. Mai ciwon ƙoda kuma sau da yawa potasiyam ake sa masa ido a kai, don in ya taru a jini yana iya tsayar da zuciya.

Game da aidin, shi ne ake sa wa gishirin leda don hana maƙoƙo. Iyayenmu sun san yadda maƙoƙo ya yi yawa a wasu ƙauyuka a da.

Sannan don Allah mata, kada a haɗa ruwan bilic da asid ɗin wanke banɗaki. Iskar kulorin ce take tashi. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah da ta haɗa su a rufaffen banɗaki don wankin ya fi fita, aka kawo ta tana tari numfashi yana sarƙewa. Allah ya sa da sauran kwana.

Hajiya_MaiSabulu
Subhanallah. Anti, Allah ya saka da alheri, zan gaya wa yaran gidana yau ɗin nan.

MaiWalda_PZ
Ni kuma a yi mini bayanin argon. Shekara tara ina walda, in aka kawo aikin alminiyam ko farin ƙarfe marar tsatsa sai da tukunyar argon nake yi. Ogana da ya koya mini cewa ya yi iskar tana rufe wurin ne kada iskar waje ta ɓata ɗinkin. In tukunyar ta ƙare ka ci gaba, nan take wurin zai yi baƙi ya yi ramuka. Amma ita kanta ba ta ci da wuta, ba ta da wari, ba ta komai. Ita a wane gida take?

Injiniya_Kwangila
Oga mai walda, gidanta shi ne na ƙarshe a hannun dama, rukuni na 18: hiliyam, niyon, argon, kiripton, zinon da radon. Bi lissafin da Malam ya fara. Argon lambarsa 18: 2, 8, 8. Zagayen waje a cike yake, ba ya bayarwa, ba ya nema. Shi ya sa yake lulluɓe narkakken ƙarfenka ba tare da ya taɓa shi ba, ya tare iskar oksijin. Ka duba kuma yadda suke maƙwabtaka: kulorin 17, argon 18, potasiyam 19. Guba, sai wanda ba ruwansa da kowa, sai mai kama wuta a ruwa. Bambancin ɗaya-ɗaya ne kawai a lamba.

Saboda shirunsu ne aka daɗe ba a san da su ba. Argon ya kusa kashi 1 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, amma sai a 1894 wasu masana 'yan Birtaniya, Rayleigh da Ramsay, suka gano shi. Hiliyam kuwa a hasken rana aka fara ganin alamarsa a 1868, tun kafin a same shi a doron ƙasa a 1895. An daɗe ana koyar da cewa ba sa haɗuwa da komai sam, har 1962 da Neil Bartlett ya haɗa zinon da wani sinadari a Kanada.

Tunda an zo nan, masu sayen balan-balan mai tashi sama da sallah su yi hattara. Hiliyam ba ya kamawa da wuta, amma yana da tsada. Wasu masu sayarwa soda suke haɗawa da guntayen alminiyam a tukunya su samu haidurojin, shi kuwa tartsatsi kaɗan ya ishe shi.

Abu_Gyallesu
Wallahi abin da aka rubuta a nan cikin awa biyu ya fi abin da na fahimta a shekara uku. Makarantar da na yi akwai ɗakin gwaji, amma kullum a kulle, ko sau ɗaya ban ga sodiyam da idona ba. Da an ce mana kanwa da toka da sabulu, da Hausa, da yanzu wasunmu wani zancen ake. Amma har yanzu ina tare da Baban Hafsa ta wani gefen: wanda ya tsara jadawalin ai ya riga ya san halayensu ne, sai ya jera masu kama da juna. Kowa ma zai iya haka.

Tsohon_Hedimasta
Ɗana Abu, a nan ban yarda da kai ba. Jera abin da ka sani abu ne mai sauƙi, an ma yi kafin Mendeleev, wanda ya tsara jadawalin. Wani Bajamushe, Döbereiner, ya lura tun 1829 cewa wasu suna zuwa uku-uku, kamar litiyam, sodiyam, potasiyam. Abin da Mendeleev na Rasha ya yi a 1869 daban ne. Sinadarai sittin da 'yan kai aka sani a lokacin. Da ya jera su bisa nauyi, sai ya ga in ya cike kowane gurbi dangin za su rikice. Sai ya bar gurabe babu kowa, ya ce akwai masu wurin, ba a dai gano su ba tukuna. Bai tsaya nan ba, ya faɗi siffarsu tun ba a gan su ba.

Ya ce a ƙarƙashin alminiyam akwai wani ƙarfe mai nauyin atam wajen 68, mai saurin narkewa. A 1875 wani Bafaranshe ya gano galiyam, nauyinsa 69.7, yana narkewa a tafin hannu. Har ma da Bafaranshen ya auna kaurin nauyinsa, wato sau nawa ya fi ruwa nauyi, ya samu 4.7, Mendeleev ya ce a sake aunawa, ya kamata ya kai wajen 5.9. Aka tace aka sake, aka samu 5.9. Haka ya faɗi na ƙarƙashin silikon, ya ce wajen 72, a 1886 aka gano jamaniyam da 72.6. Ka tuna, duk wannan kafin a san da ilektiron ne, don shi sai 1897 aka gano shi. Dabarar hadda ba ta gaya maka nauyin abin da ba wanda ya taɓa gani.

Wanda ya ƙarasa aikin shi ne wani matashi ɗan Ingila, Moseley, a 1913, da ya nuna cewa lamba ce ke tsara su, ba nauyi ba. Shi ya sa argon yake gaban potasiyam duk da ya ɗan fi shi nauyi. Yaron nan an kashe shi a yaƙi a 1915 yana da shekara 27.

Manomi_Giwa
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ni tambayata kan taki ce. Buhun da muke saye an rubuta NPK 15:15:15. K ɗin dai na gane yanzu, ɗan'uwan toka ne, shi ya sa ke nan inda aka zubar da toka masara take kyau. To N da P fa, su ma gidansu ɗaya da shi?

Ɗalibar_Samaru
A'a Baba. N naitirojin ne, P fosforas, su biyun ne 'yan gida ɗaya, rukuni na 15, masu ilektiron biyar a waje. Amma bari in faɗi wani abu da zai ɗan goyi bayan masu shakka. A gefe da gefen jadawali, wato gidan sodiyam, gidan kulorin da gidan argon, kamannin a fili suke. A tsakiyar ɓangaren dama kuwa sai ka duba da kyau. Naitirojin iska ne, kashi 78 cikin 100 na iskar duniya. Fosforas daskararre ne, shi ne a jikin kwalin ashana. A ƙarƙashinsu kuma asenik ne, guba. Rukuni na 14 ya ma fi ban mamaki: kabon na gawayi, silikon na yashi da faifan sola, jamaniyam, sai kuza, sai dalma. An fara da gawayi an ƙare da ƙarfe. Abin da ya haɗa su ilektiron huɗu ne a waje, kuma ana ganin hakan a yadda suke haɗuwa da wasu, misali kowannensu yana iya ɗaukar oksijin biyu. Amma a ido ba wanda zai ce gawayi da dalma sun haɗa kaka.

Anti_Nas
Tunda an ambaci dalma, kada mu manta da Zamfara a 2010. Yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka duwatsun zinariya a cikin gidaje, kuma duwatsun cike suke da dalma. Abin lura ga wannan muhawara shi ne jiki yana ɗaukar dalma kamar kalsiyam ya kai ta ƙashi, alhali ba gidansu ɗaya ba, kalsiyam yana rukuni na 2 tare da magniziyam. Don haka kama ba a cikin gida kaɗai take tsayawa ba. Sannan tozalin dutse mai ƙyalli da ake dakawa, galibinsa dalma ce haɗe da farar wuta. Ni dai ba na ba da shawarar a sa wa jarirai.

Ummu_Sadik
Anti, wannan magana tana da nauyi. Mu duka da tozali aka raine mu. Amma na ji, zan daina sa wa ƙaramar.

DanKufena
Duk an yi ta zancen gefe da gefe, ba wanda ya taɓa manyan ƙarafan da muka sani. Ina baƙin ƙarfe, ina zinariya?

Injiniya_Kwangila
Suna faffaɗan ɓangaren tsakiya, rukuni na 3 zuwa na 12. Galibinsu masu tauri ne da nauyi, ba irin sodiyam ba, kuma an san su da launi. Jan da kake gani a marmara da ƙasar ganuwar Zazzau tsatsar baƙin ƙarfe ce. Koren da ke fitowa a tsohuwar wayar wuta na jan ƙarfe ne. Fatar da aka jeme da kuromiyam tana fitowa shuɗi-shuɗi, ba kamar ta bagaruwa ba, masu aiki a cibiyar binciken fata ta Samaru sun san wannan.

A nan ma akwai dangi na gaske. Jan ƙarfe, azurfa da zinariya a sahu ɗaya suke, rukuni na 11, ɗaya bisa ɗaya. Su ne kan gaba wajen ɗaukar wutar lantarki, kuma su ne mutane suka yi kuɗi da kayan ado da su tun zamanin da, ba tare da sun san wani jadawali ba. Sai kuma kolumbait na Jos, wanda Najeriya ta yi fice da shi a duniya a shekarun 1950. A cikinsa akwai niyobiyam da tantalam, na biyun yana ƙarƙashin na farkon a rukuni na 5. Tsabar kamarsu ta sa a dutse ɗaya ake samunsu, kuma raba su aiki ne ja. Mu a nan Zariya ma akwai ƙaramin injin nukiliya na bincike a cibiyar makamashi ta ABU tun 2004, kuma cikin aikinsa akwai gano sinadaran da ke cikin samfurin dutse ko ƙasa.

Abu_Gyallesu
Baba Hedimasta, na karɓi zancen galiyam. Amma na je na duba jadawalin ƙanena yanzu, sai na ga haidurojin a saman litiyam. Injiniya ya ce iska ce. Malam ya ce gidan na ƙarafa ne. Yaya ke nan?

Malam_Kimiyya
Abu, ka taɓo inda masana kansu suke jayayya. Ilektiron ɗaya gare shi, shi ya sa aka ɗora shi a can. Amma zagayen farko biyu kawai yake ɗauka, don haka saura masa ɗaya ya cika, kamar kulorin. Akwai jadawalan da suke ware shi shi kaɗai a sama. Ni ina gaya wa ɗalibaina a rukuni na 1 yake zaune amma ba ƙarfen alkali ba ne.

Tsohon_Hedimasta
Ni kuwa a koyarwata ware shi nake yi gaba ɗaya. Ɗora shi a kan litiyam yana rikita yara fiye da yadda yake taimakonsu, ga shi ya rikita Abu yanzu.

Malam_Kimiyya
Allah ya gafarta Malam, in aka ware shi kuma sai yaro ya kasa gane dalilin da ya sa yake haɗuwa da kulorin ɗaya da ɗaya, daidai yadda sodiyam yake yi.

Baban_Hafsa
Jama'a, Allah ya saka wa kowa da alheri. Daren jiya na ba Hafsa wayar ta karanta tun daga sama. Muka barbaɗa gishiri da kanwa a wutar gas kamar yadda Ummu Sadik ta ce, duka suka ba da ɗorawa. Ta ɗauki takarda ta rubuta kalsiyam 2, 8, 8, 2, da magniziyam 2, 8, 2, ta ce to ashe su bibbiyu suke bayarwa, shi ya sa kowannensu yake riƙe kulorin biyu. Wannan ba wanda ya gaya mata. Na janye maganata a kan gidan sodiyam da na kulorin da na argon. Amma gawayi da dalma har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba, a nan kam ina ganin an ɗan tilasta zumuncin.

Ɗalibar_Samaru
Baba, ka ce mata ta duba kuza da dalma tukuna, su biyun da masu gyaran rediyo suke narkawa tare su yi liƙi. Daga nan ta hau sama ɗaya bayan ɗaya. In aka yi tsalle daga ƙasa zuwa sama ne ake ganin kamar ba a haɗa komai ba.

DanKufena
Ni dai a kasuwa fotash zan ci gaba da ji ana cewa, sai dai yanzu na san abin da ke cikin ƙullin.

MaiWalda_PZ
Baban Hafsa, ranar Asabar ina da aikin tankin alminiyam. In kana da hali ka kawo ta da safe wajen ƙarfe goma. Akwai gilashin kare ido na biyu a shago. Zan yi mata ɗinki ɗaya da argon, in rufe tukunyar in yi wani babu, ta riƙe su biyun a hannunta ta duba.